Fanka mai hurawa ko mai zuƙa: wacce zan sa wa boilar gumi?

Mai Injin Kura:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina da ƙaramar boila ta turara shinkafa a nan Kura, irin mai bututan wuta a ciki. Murhunta na bulo ne, da hannu ake ba ta wuta. Da asuba itace muke sa mata har ta ɗau zafi, daga nan mu riƙa haɗawa da buntu. Fanka ɗaya gare ta, bulowa mai hura iska ta ƙarƙashin ragar da itace ke ci a kai. Shekara biyu muna aiki lafiya lau. Tun bayan sallah abin ya sauya: rumfa kullum cike da hayaƙi, idanun yara jajur, jiya kuma yaron da ke zuba itace yana buɗe ƙofa wuta ta yo waje ta lashe masa gira da gashin hannu. Allah ya taƙaita. Wani mai gyara ya ce in cire bulowar in sa fanka mai zuƙa a gindin bututun hayaƙi, wadda suke ce wa aidi. Kuɗin da ya yanka min ya kusa ninka na bulowar sau uku. Gaskiya ya faɗa min, ko kasuwarsa yake ci?

Shugaban Zaure:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba yaron lafiya, ya kiyaye gaba. Masana, bismilla.

Oga Makanike:
Alhaji kada ka soma. Ni da hannuna na sha kwance aidi a injinan shinkafa, kuma ban taɓa ganin wadda ta ba mai ita kwanciyar hankali ba. Zafi take sha, toka take sha. Yau boris ya tafi, gobe bel, jibi farfela ta fara rawa har ƙusoshin gindi su kwance. Bulowa kuwa iskar Allah mai sanyi take ja, ka sa mata giris ka manta da ita. Maƙera tun kaka da kakanni hura wuta suke yi da zuga-zugi, ka taɓa ganin maƙerin da ke zuƙar wuta? Ka bar bulowarka, ka liƙe ƙofar da kyau, ka ja wa yaron kunne ya riƙa kashe fanka kafin ya buɗe.

Hajiya Mai Gumi:
Oga, maƙeri a fili yake aikinsa, wutarsa ba a cikin akwati take ba. Kuma wannan magana ta a kashe fanka kafin a buɗe ƙofa, a baki ne take da sauƙi. Mai zuba buntu sau nawa yake buɗe ƙofa a awa ɗaya? Ranar da shanshera ta yi yawa, tukwanen gumi na jiran tururi, babu yaron da zai tsaya kashe fanka da kunnawa. Ni ma na yi wannan dokar a wurina, ba ta kai mako ba.

Injiniya:
Salamu alaikum. Alhaji, sannu da wannan abu. Kafin a kai ga wacce ta fi, bari in shimfiɗa yadda kowacce ke aiki, don rigimar Oga da Hajiya duk a nan take.

Mai hurawa, wato efdi, tana gaban wuta. Tana ɗebo iskar waje ta tura ta cikin murhu. Idan hanyar fita ba ta iya kwashe abin da aka tura ba, cikin murhun sai ya fi waje matsi. To duk wata kafa da ke jikin bulo, duk gefen ƙofar da bai zauna ba, ya zama mafita: hayaƙi, tartsatsi da harshen wuta ta nan za su biyo. Ƙofa kuwa ita ce babbar kafa, shi ya sa ta sami yaron.

Mai zuƙa, aidi, tana bayan tukunyar boila, tsakaninta da bututun hayaƙi. Janyo hayaƙin take yi, don haka cikin murhu ya fi waje ƙarancin matsi. Kafofin nan dai suna nan, amma yanzu iska ce ke shiga ta cikinsu. Ka buɗe ƙofa, harshen wuta ciki zai kwanta, ba fuskarka ba.

Abin da Oga ya faɗa game da wahalar aidi gaskiya ne, ba na musu. Amma tambayar da nake so Alhaji ya amsa ita ce: me ya sa aka yi shekara biyu lafiya da bulowar nan, sai yanzu? Bulowar ba ta ƙara ƙarfi ba. Wani abu ne ya toshe a gaba. Yaushe rabon da a goge bututan cikin tukunya?

Mai Injin Kura:
Injiniya, kunyar faɗa nake ji. Tun kafin azumi.

Oga Makanike:
To ka ji. Ashe ba laifin bulowa ba ne.

Injiniya:
Rabin laifin ba nata ba ne. Da sauran magana, amma a fara da wannan. Alhaji, kada ka sayi komai tukuna. Ka samo tiyon lebur na magina, farin nan da ake ganin ruwa a ciki, kamar mita biyu. Ka lanƙwasa shi ya yi baka, ka ɗaure a jikin katako, ka zuba ruwa ya kai rabi, ka liƙa rula a tsakani. Baki ɗaya ka bar shi a buɗe, ɗayan ka haɗa shi da guntun bututun ƙarfe, ka cusa ƙarfen a ƙaramar huda a bangon murhu, sama da wuta. Ƙarfen ya yi tsawo don kada roba ta narke. Idan ruwan ɓangaren murhu ya sauka, murhunka turowa yake yi. Idan ya hau, zuƙa yake yi. Bambancin tsayin ruwan biyu, da milimita, shi ne awon. Abin da ake so shi ne zuƙa kaɗan, milimita 2 zuwa 5. Ka auna yau, ka goge bututu da gindin bututun hayaƙi, ka sake aunawa. Sannan mu yi maganar kuɗi.

Ɗalibin Kimiyya:
Malam Injiniya, in an ba ni dama in ƙara lissafin da ya sa aidi ta fi tsada, don kada Alhaji ya ɗauka mai gyaran cutarsa zai yi. Misali kawai: a ce boila na cin itace kilo 200 a awa, kuma a murhun hannu kowane kilo yana tafiya da iska wajen kilo 8. Iska kilo 1,600 ke nan. A zafin digiri 30, mita kubik ɗaya na iska nauyinsa wajen kilo 1.16 ne, don haka bulowa za ta tura mita kubik kusan 1,380 a awa. A ɗaya gefen kuma, itacen kansa ya zama hayaƙi da tururi, nauyin ya koma kusan kilo 1,800. Ga shi da zafi, a ce digiri 220, iska kuwa buɗewa take yi in ta ji zafi, mita kubik ɗaya ya koma wajen kilo 0.71. In ka raba, aidi za ta ja mita kubik 2,500 da ɗoriya. Kusan ninki biyu, wuta ɗaya. Ban ma sa iskar da ke satar shiga ta kafofin bulo ba. Dole gangar ta fi girma, moto ya fi girma, ƙarfen ya fi kauri.

Oga Makanike:
Yaro ka yi lissafi mai kyau, kuma ni ka taimaka wa. Moto babba, gas ɗin janareta mai yawa. Wa zai biya? Alhaji.

Na Argungu:
Salamu alaikum. Ni kam abin da munka gani nan wajenmu shi zan faɗi. Mun sa aidi, hayaƙi ya bar rumfa, wannan gaskiya na. Amma wanda ya haɗa muna bai sa komi tsakaninta da tukunya ba. Ba a daɗe ba farfela ta cinye kamar an goga ta ga dutsin niƙa, bakin fukafukan har gani kake ta cikinsu. Na biyu, ƙarfinta ya yi yawa, sai ta riƙa kwasar buntu tun bai ƙone ba ta watso shi sama da wuta jikinai. Wata rana garwashi ya faɗa bisa tarin buntu, Allah ya sa akwai mutane kusa. Shi ya sa in an ce aidi ta fi tsaro, ni ina cewa ta dai ɗauke haɗarin daga bakin ƙofa ta kai shi bisa rufi, in ba a yi ta daidai ba.

Injiniya:
Wannan shaida ce mai nauyi, Malam na Argungu, kuma ita ce asalin abin da Oga ya sha gani. Tokar itace kaɗan ce, ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyinsa. Buntun shinkafa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ne, tokar kuma mafi yawanta silika ce, wato ainihin sinadarin yashi. Ka ɗauka kana watsa wa farfela yashi mai zafi daga safe zuwa dare. Wane ƙarfe zai jure?

Shi ya sa aidi a boilar buntu ba ta tafiya ita kaɗai. Sai da saikulon a gabanta, gangar nan mai siffar mazurari da hayaƙi ke juyawa a ciki, toka mai nauyi da garwashi su faɗa ƙasa. Ƙasan saikulon kuma dole ya kasance a rufe ruf, in iska na shiga ta wurin zubar da toka, aikin banza ne, tokar za ta sake tashi. Farfelar ta zama mai miƙaƙƙun fukafukai kaɗan masu kauri, irin wadda ba ta riƙe datti. Kada a ɗauko mai ƙananan fukafukai da yawa irin ta na'urar sanyaya ɗaki, kwana kaɗan za ta cushe. Boris ɗin duka biyu su zauna a waje, nesa da gangar, a sa faifan sanyaya a jikin shaf tsakanin ganga da boris na farko, moto kuma a gefe da bel. Sau da yawa aidin da ke mutuwa da wuri, bulowar iska mai sanyi ce aka juya aka ɗaura a bututun hayaƙi.

Oga Makanike:
To Injiniya ka ga lissafin ya ƙaru. Aidi, saikulon, moto, walda, siminti. Mutumin da ya zo da kukan kuɗi ninki uku, kun kai shi ninki biyar.

Hajiya Mai Gumi:
Oga, ka san nawa ake kashewa a ɗakin masu ƙuna a asibiti? Ni fa uwa ce. Yaran nan da ke bakin murhu 'ya'yan mutane ne.

Baba Reluwe:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta min, ni idona ya yi rauni. Na ji ɗana Makanike ya ce ba a taɓa ganin mai zuƙar wuta ba. To ni na gani, na kuma yi aiki a kai. Jirgin ƙasa na da, mai cin kwal ɗin Inugu, ba shi da fanka ko ɗaya, kuma bututun hayaƙinsa gajere ne don ya wuce ƙarƙashin gada. Yaya wutarsa ke ci? Tururin da ya gama tura ƙafafu, shi ake harbawa sama ta cikin bututun hayaƙin, sai ya ja hayaƙi ya biyo shi, iska kuma ta shigo ta ƙarƙashin raga. Wannan cuku-cuku da kuke ji a fim, ƙarar zuƙar ke nan. In jirgi ya ɗau hawa, tururi ya ƙaru, zuƙa ta ƙaru, wuta ta ƙaru da kanta. In yana tsaye a tasha kuma akwai wani ɗan famfon tururi da ake buɗewa don zuƙar kada ta mutu. Wanda ya manta da shi ya buɗe ƙofar wuta, ko aka shiga wuri matsattse, ya sha abin da yaron Alhaji ya sha. Tun 1911 da jirgi ya iso Kano har aka daina aiki da jirgin tururi, da zuƙa ya yi ta tafiya. Ku gafarce ni, tsoho ba ya rasa labari.

Oga Makanike:
Baba, na sara. Na janye maganar maƙeri. Amma ban janye maganar boris ba.

Shugaban Zaure:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. 

Ɗan Ostiriya:
Gaisuwa daga ƙasar sanyi. Gidan da nake haya a ƙauye da boilar itace ake ɗumama shi, ta kamfanin Fröling, na nan ƙasar. Fankarta mai zuƙa ce, a baya take. Maigidan yana buɗe ƙofa ya ƙara itace a cikin ɗakin ƙasa, hayaƙi ba ya cika ɗakin, domin akwai wata hanya a saman ƙofar da ke janye shi. Akwai kuma na'ura a hanyar hayaƙi mai auna ragowar iskar shaƙa, ita ke daidaita yawan iskar da ake ba wutar. Amma kada in yaudare ku: itacen da suke sa wa sai ya shekara ɗaya ko biyu a jere a ƙarƙashin rumfa yana bushewa, kuma ba su san buntu ba. Fankar ƙarama ce, hayaƙin da ke isa gare ta mai tsabta ne. Akwai kuma boilolin gida a nan Turai masu hurawa, suna aiki, sai dai ƙofofinsu na da igiyar liƙi mai jure zafi, ana ɗaure su tamau. Murhun bulo na gida ba zai taɓa liƙuwa haka ba.

Injiniya:
Ka taɓo inda nake son zuwa. Efdi kaɗai tana yin kyau a murhun ƙarfe da aka liƙe ko'ina, wanda ba a buɗewa sai an tsayar da fanka. Murhun Alhaji bulo ne mai tsagewa da zafi, ana buɗe shi kowane minti kaɗan. Wannan murhun bai kamata ya taɓa zama mai turowa ba. Wannan ra'ayina ne kuma ba na sassautawa a kai.

Sai dai ban yarda da mai gyaran da ya ce a cire bulowar ba. Buntu yana kwanciya ya danne raga, iska ba ta ratsa shi da sauƙi. In ka bar wa aidi ita kaɗai aikin janyo iska ta cikin wannan tarin, sai ka ƙara mata ƙarfi sosai, kuma iska ba wawa ba ce, hanya mai sauƙi take bi: ta ƙofa, ta tsagar bulo. Iskar sanyi ta cika murhu, ta sanyaya tukunya, ragar kuma tana ƙishin iska. Ka ƙone itace da yawa, tururi kaɗan. Ga kuma abin da ya sami na Argungu. Manyan boiloli shi ya sa suke da duka biyun. Efdi ta ratsa raga da makamashi, aidi ta ratsa bututu da saikulon, a daidaita su murhu ya tsaya a zuƙar milimita kaɗan ɗin nan.

Mai Injin Kura:
To Injiniya, shekara biyun da muka yi lafiya, wa ke yin aikin aidin?

Injiniya:
Bututun hayaƙinka. Shi ma mai zuƙa ne, ba ya cin wuta kawai. Tsawonsa nawa?

Mai Injin Kura:
Zai kai mita 15.

Ɗalibin Kimiyya:
In hayaƙin ciki na digiri 200, waje na 30, bututu mai mita 15 zai ba da zuƙar milimita 6 da ɗan kai. Da sanyin hunturu, waje na 15, ta kai 7. A zafin Afrilu, waje na 40, ba ta cika 6 ba. Daga cikin wannan ɗan abin ne bututan tukunya da kwane-kwanen hanyar hayaƙi za su ci rabonsu kafin a zo murhu.

Injiniya:
Ka gani, Alhaji. Jarin naka duka milimita shida ne. Kunkunniya ta rage faɗin bututu, jarin ya ƙare, murhu ya koma turowa. Wani abin kuma: itacen da kuke samu bayan sallar nan, busasshe ne?

Mai Injin Kura:
Ina fa. Damina ce, abin da mai mota ya kawo shi muke karɓa. Wani har kumfa yake yi a baki in ya ji wuta.

Injiniya:
To ga ɗaya rabin. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wanda ya bushe da kyau bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Zafin da za ka samu a kilo ɗaya na ɗanye bai fi rabi da kaɗan na busasshe ba. Wutar ta yi sanyi, hayaƙin ya yi sanyi, zuƙar bututu ta ragu, sannan kwalta ta riƙa kwanciya a bango in hayaƙi ya sauko wajen digiri 120. Toka ta zo ta manne a kwaltar. In ka sa aidi kana ƙona irin wannan itacen, kwaltar a farfela za ta kwanta, ɓangare ɗaya ya ɓamɓare, ɗaya ya zauna, rawar da Oga ke faɗa ta fara.

Hajiya Mai Gumi:
Ni abin da ya rage min baƙin hayaƙi ba fanka ba ce ma. Wani ya huda min ƙananan ramuka a bango sama da wuta ya ja musu reshe daga bulowa. Ban san dalili ba, amma ya yi aiki.

Injiniya:
Wanda ya yi miki ya san aikinsa, Hajiya. Itace ba kamar gawayi ba ne. Wajen kashi uku cikin huɗu nasa gas yake zama ya tashi, a sama yake ƙonewa, ba a kan raga ba. In duk iskar ta ƙasa take zuwa, gas ɗin ya rasa abokin ci, ya fita baƙi. Baƙin hayaƙi kuɗin itace ne ke tashi sama. Wannan ma dalili ne na barin bulowa, don ita ce ke iya harba iskar saman da ƙarfi ta cakuɗa da gas ɗin.

Na Argungu:
Injiniya, a yi muna bayanin ɗaukewar wuta. Nan ne mu ka shan wahala.

Injiniya:
Muhimmiyar tambaya. NEPA ta ɗauke, fanka ta tsaya, itace bai san an ɗauke ba. Yana ci gaba da fitar da gas a murhu mai zafi ba iska. Wanda ya buɗe ƙofa a lokacin, ko ya kunna bulowa kai tsaye da wuta ta dawo, ya ba gas ɗin iska a tashi ɗaya, sai ka ji fuu. Ban da wannan akwai kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ba shi da launi, shi ne dai na hayaƙin janareta da ke kashe mutane a ɗaki. Ma'aikacin da ke yawan ciwon kai da jiri a bakin murhu, kada a ce masa rana ce.

Ƙa'idar masu fanka biyu: wajen kunnawa aidi ce farko, a bar ta ta share murhu, sannan efdi. Wajen kashewa efdi ce farko. Mai haɗa wutar lantarki ya ɗaure su yadda efdi ba za ta taɓa tashi ba sai aidi na gudu, in aidi ta faɗi ita ma ta faɗi. Waya ce kaɗan a cikin akwatin kwantakta mai kunna motocin, ba wani kuɗi ba. A kuma bar hanyar da hayaƙi zai bi zuwa bututu in babu lantarki.

Oga Makanike:
Tunda kun rinjaye ni da yawa, bari in ba da nawa, don ni ake kira in ta ƙone. Wanda zai sa aidi, ya rufe damfa, wato murfin da ke rage ko toshe hanyar iskar fanka, kafin ya tayar da ita da safe. An auna motonta ne da hayaƙi mai zafi marar nauyi. Da asuba iska mai sanyi take ja, mai nauyi, moto ya ja wuta fiye da ƙima, kwayil ya gasu. Sai tukunya ta ɗau zafi a riƙa buɗewa a hankali. Moto nawa na kai riwayin, wato sake naɗin waya, saboda wannan kaɗai.

Ɗalibin Kimiyya:
Daidai da lissafin ɗazu, Oga: 1.16 a kan 0.71, nauyin ya haura ninki ɗaya da rabi. Kuma game da kuɗin gas da ka ambata, in aka sa inbata mai rage gudun moto maimakon a shaƙe fanka da damfa, akwai sauƙi sosai. Ka rage gudu da kashi 20 cikin ɗari, wutar da fanka ke ci ta sauko kusan rabi.

Oga Makanike:
Inbata a rumfar buntu, da ƙura da wutar da ke hawa da sauka? Yaro, ka gama makaranta ka zo gareji wata shida. A canja fuli a rage gudu, ya fi min.

Shugaban Zaure:
Oga a yi wa ɗalibi a hankali, gobe shi ne injiniyan.

Mai Injin Kura:
Jama'a barkanmu da war haka, kwana uku ke nan. Na yi abin da Injiniya ya ce. Kafin shara, ruwan ɓangaren murhu ya sauka, bambanci milimita 7, turowa. Muka tsayar da aiki ranar Juma'a muka buɗe. Wallahi wasu bututan yatsa biyu ba ya shiga, gindin bututun hayaƙi kuma toka ta cika shi ta kusa rufe mashiga, baro huɗu muka kwashe. Bayan shara, in wuta na tsaka-tsaki ruwan yana nuna zuƙa milimita 2. Hayaƙi ya bar rumfa. Amma in muka buɗe bulowa duka lokacin da tukwane uku ke jan tururi tare, sai ya koma turowa milimita 1 zuwa 2, ƙofa ta fara huci.

Oga Makanike:
Alhamdu lillahi. Buroshi da baro sun yi maganin abin da aka ce sai ninki uku. A sa wa damfar bulowa alama inda ruwa ya tsaya daidai, a ɗaure da waya kada yaro ya wuce nan. An gama.

Injiniya:
Na yarda da alamar, a yi ta yau. Amma ba a gama ba. Wannan awon na bututu mai tsabta ne, a damina. Bayan mako biyu na buntu, ko in zafin bazara ya zo, milimita biyun nan za su tafi. Kuma ma'anar alamar ita ce Alhaji ya haƙura da tukunya ta uku. In tukwane biyu sun ishe shi, ya zauna da bulowa, ya goge bututu duk mako, ya tanadi itace tun rani, ya bar tiyon nan a bango har abada. Ƙara wa bututun hayaƙi tsawo ma zai ba shi ɗan sarari, kowace mita kusan rabin milimita, in gindin zai ɗauka. In kuwa uku yake so, sai aidi da saikulon, bulowa na nan a wurinta. Kuma duk ranar da aka ƙara wa boila wuta, a tabbatar bawul ɗin tsaro na buɗewa, gilashin ruwa na nuna gaskiya. Dokar masana'antu ta 1987 ma ta wajabta a riƙa kawo mai duba boila mai izini, ba ado ba ne.

Hajiya Mai Gumi:
Alhaji, yaya yaron?

Mai Injin Kura:
Da sauƙi Hajiya, na gode, ya dawo aiki, yanzu shi ne mai gadin tiyon, ba ya bari kowa ya buɗe ƙofa sai ya leƙa ruwan. Maganar tukunya ta uku kuwa, kaka na zuwa, shanshera za ta yi yawa, ba zan iya haƙura da ita ba. Oga, tunda kai ka fi kowa sanin inda aidi ke mutuwa, kai nake so ka haɗa min, Injiniya ya ba da awo.

Oga Makanike:
Ni da na ce kada a sa? To shi ke nan. Amma da sharaɗi: farantin farfela ni zan zaɓa, boris a waje, kuma ba na ɗaura ta sai na ga saikulon a tsaye. Injiniya, turo min faɗin bakin hayaƙin da yawan abin da za ta ja. Ɗalibi, kai ma ka zo ranar, ka ga yadda ake daidaita farfela da alli.

Ɗalibin Kimiyya:
In sha Allah Oga. In taho da inbata?

Oga Makanike:
Ka taho da abin rufe hanci.